Tambayoyi da amsoshi kan sunan saba: ServerName, server_name da rigingimunsu

Duk wanda ya taɓa ɗora shafi a kan saba, wato kwamfutar da take miƙa shafukan intanet ga masu nema, da hannunsa ya san wannan ciwon kan, ka gama komai ka buga adireshin sai wani shafi daban ya fito, ko kuma a cilla ka zuwa wani suna da ba ka ma tuna ka taɓa rubuta shi ba. Yawanci suna ne matsalar. Ga tambayoyin da aka fi yi, wasu na amsa a gajarce, wasu kuma sai da na ja su don ba yadda za a yi.

Wai menene ma sunan saba, ba shi ne domen ɗina ba?

A'a ɗan'uwa, a nan ne ma ruɗun yake farawa. Sunaye uku ne, kuma kowanne gidansa daban. Akwai sunan ita kwamfutar kanta, wanda za ka gani in ka buga hostname, ko hostname -f in cikakken kake so, a Linux yana zaune a /etc/hostname. Akwai sunan da ke cikin DNS, wato wanda duniya take tambaya a ba ta lambar IP. Sai na uku, sunan da ka rubuta wa manhajar sabar a fayil ɗinta, ServerName a Apache, server_name a nginx. Ba dole su zama ɗaya ba, kuma canza ɗaya ba ya taɓa sauran biyun ko kaɗan. Kwamfutar za ta iya zama web01, DNS ya ce example.com, Apache kuma yana amsa sunaye ashirin. Masu cewa uwar garke da masu cewa saba duk abu ɗaya muke nufi, ni dai saba ta fi min sauƙin bugawa.

Duk sanda na tayar da Apache sai ya rubuto min wani dogon saƙo mai lamba AH00558, wani abu ya lalace ne?

Wannan kake nufi ko:

AH00558: apache2: Could not reliably determine the server's fully qualified domain name, using 127.0.1.1. Set the 'ServerName' directive globally to suppress this message

Ba abin da ya lalace, gargaɗi ne kawai, sabar ta tashi tana aiki. Abin da yake faɗa maka shi ne, ba ka gaya masa sunansa ba, ya je ya tambayi kwamfutar bai samu cikakken suna ba, to ya ɗauki lambar IP ya riƙe a matsayin suna. Kalmar da mutane suke tsallakewa ita ce globally ɗin nan, sai ka ga mutum ya ce ai wallahi na sa ServerName a cikin VirtualHost ɗina amma saƙon bai tafi ba, to ba zai tafi ba, don VirtualHost sashen saitin shafi ɗaya ne kawai, shi kuma a waje ake so ka sa shi, ba a cikin kowane VirtualHost ba.

A Debian da Ubuntu ka buɗe sabon fayil /etc/apache2/conf-available/servername.conf ka rubuta layi ɗaya tak, ServerName localhost, sai ka buga a2enconf servername, sai systemctl reload apache2. A Red Hat, Fedora da danginsu layin yana nan a /etc/httpd/conf/httpd.conf an toshe shi da alamar #, ka cire alamar ka gyara sunan, kuma a can httpd ake kiran sabis ɗin ba apache2 ba. A cikin Docker ma saƙon yana fitowa, sai dai lambar za ka ga irin 172.17.0.2 ce, magani ɗaya ne.

To ina 127.0.1.1 ta fito, ni 127.0.0.1 na sani?

Ba kuskuren bugawa ba ne. Debian ce take rubuta sunan kwamfutar a gaban 127.0.1.1 a cikin /etc/hosts lokacin da ake ɗora ta, don sunan ya riƙa samun lamba ko da babu netwok, Ubuntu kuma ta gada. Duk lambar da ta fara da 127 gida take komawa.

Na sa ServerName example.com na yi reload, amma shafin bai buɗe a wayata ba.

Ai ba zai buɗe ba. ServerName ba ya shelar sunanka ga kowa, aikinsa ya gane baƙon da ya riga ya iso ƙofa ne. Mai nuna wa baƙo hanya DNS ne, sai ka je inda ka sayi domen ɗin ka sa rekod A mai nuna lambar IPv4 ta sabarka, ko AAAA in IPv6 ce. In babu wannan ko sau ɗari ka rubuta sunan a fayil ba wanda zai zo. Kuma ka duba ko tashar 80 da 443, wato ƙofofin da http da https suke shiga ta kai, a buɗe suke, don sau da yawa ana ta zagin DNS alhali katangar tsaro ce ta rufe ƙofa.

Yaya aka yi saba ɗaya mai IP ɗaya take bambance shafuka da yawa?

Baƙon ne yake faɗa da bakinsa. Duk sanda burauza ta nemi shafi, a cikin buƙatar akwai layi mai suna Host, misali Host: example.com, sabar sai ta karanta ta duba wanne daga cikin shafukanta ne mai wannan sunan. A HTTP/1.0 na 1996 wannan layin ba dole ba ne, shi ya sa a lokacin kusan kowane shafi sai da IP ɗinsa, HTTP/1.1 da ya fito a 1997 ne ya wajabta shi, har ma in babu shi sabar za ta mayar da lambar kuskure 400. A HTTP/2 sunan filin ya koma :authority amma aikin bai canza ba.

Ka riƙe wannan da kyau don duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya: sunan da ke cikin Host ba sabar ce ta rubuta ba, wanda ya zo ne ya rubuta, kuma zai iya rubuta duk abin da ya ga dama.

Menene bambancin ServerName da ServerAlias?

ServerName sunan yanka ne, ɗaya ne tak a kowane VirtualHost, in ka rubuta shi sau biyu na ƙarshen ne zai danne na farko ba tare da ya ce maka uffan ba. ServerAlias laƙabi ne, ka jera nawa kake so a layi ɗaya, kuma shi ne yake karɓar alamar * da ?, ServerName ba ya karɓa. Abin da aka fi yi shi ne ServerName example.com sannan ServerAlias www.example.com. Mantawa da www ɗin nan ya ɓata wa mutane da yawa dare, a wajen kwamfuta example.com da www.example.com sunaye biyu ne da ba su haɗa komai ba sai in kai ka haɗa su.

Na buga sunan shafina sai shafin Apache na gwaji ya fito, ko shafin wani daban da ke kan sabar.

Wannan sai mun zauna. Apache yana fara ware VirtualHost ɗin da suka dace da IP da tashar da aka shigo ta kai, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda ya karanto su, na farkon da sunansa ya dace shi ya ci. In babu wanda ya dace ba ya cewa ban san ka ba, na farko a jerin yake ba ka. A Debian fayilolin sites-enabled bisa jerin haruffa ake karanta su, dalilin da ya sa aka raɗa wa na asali 000-default.conf kenan, don kullum ya zo a gaba. To in shafin gwaji kake gani, ko dai ka yi kuskuren harafi a sunan, ko ka manta a2ensite, umarnin da yake kunna shafin, ko fayil ɗinka bai ƙare da .conf ba wanda a Apache 2.4 na Debian ba za a ma karanta shi ba.

Amma akwai wani tarko da ni kaina na taɓa faɗawa. Na karɓi wata saba da wani ya kafa, ya sa wa kwamfutar kanta sunan domen ɗin, kuma ya sa wannan sunan a ServerName na waje don ya kashe gargaɗin nan na AH00558. Ni kuma na rubuta VirtualHost ɗina tsaf, na duba harafi da harafi, www yana buɗewa lafiya lau amma sunan ba www sai shafin gwaji, na share ma'ajiyar burauza, na canza burauza, na ɗauko waya, har na fara zargin DNS, kusan awa uku. Ashe 000-default.conf ba shi da ServerName nasa, VirtualHost ɗin da ba shi da suna kuma na waje yake gada, to ya gaji sunan shafina kuma shi ne a gaban layi, duk wanda ya zo shi yake tarewa. Umarni ɗaya ne ya tona asirin, apache2ctl -S, a wasu wuraren apachectl -S ko httpd -S, yana jero maka kowane VirtualHost da sunansa da fayil da layin da ya fito, na ga sunan ya fito sau biyu na riƙe baki. Tun ranar ba na sa sunan shafi na gaske a ServerName na waje, localhost nake sawa ko sunan kwamfutar irin web01.example.com, kuma -S nake fara bugawa kafin in zargi kowa.

In kana bin tsohon bayani ka ga an ce ka sa NameVirtualHost, bar shi, a 2.4 da ya fito tun 2012 ba ya aikin komai.

UseCanonicalName fa, On zan sa ko Off?

Akwai lokutan da sabar take buƙatar ta rubuta adireshin kanta da kanta. Misali mafi sauƙi, ka nemi /hotuna alhali folda ce, sai Apache ya juya ka zuwa /hotuna/ da sandar nan a ƙarshe, to wane suna zai sa a gaban adireshin? In Off ne, kuma haka yake zuwa, sunan da baƙon ya zo da shi zai mayar masa, da tashar da ya ambata. In On ne sai ya yi watsi da na baƙon ya sa wanda ke ServerName. Akwai na uku, DNS, da yake juya lambar IP zuwa suna, an yi shi ne don masu ɗimbin shafuka kowanne da IP ɗinsa, yanzu da wuya ka buƙace shi.

Inda On yake cizo shi ne in ServerName ɗinka ba sunan da duniya take iya kaiwa ba ne. Ka sa localhost ka kunna On, duk wanda aka juya sai burauzarsa ta tafi neman localhost, wato kwamfutarsa shi, ya ga ba komai ya ce shafinka ya mutu. Haka kuma kukis da shiga da kalmar sirri a kan suna suke rataye, mutum ya shigo da wani suna aka juya shi wani, sai a sake tambayarsa kalmar sirri. Inda Off yake cizo kuma yana cikin tambaya ta gaba. Ni a ganina in shafi ɗaya ne mai suna ɗaya tabbatacce On ba laifi, in kuwa laƙubba ne da yawa ka bar shi Off, ka zaɓi suna ɗaya ka juya sauran zuwa gare shi da Redirect permanent a VirtualHost na daban, ya fi tsafta kuma kowa ya ga abin da ka yi. Batun tasha kuma nata layin daban, UseCanonicalPhysicalPort.

An ce SERVER_NAME ya fi HTTP_HOST aminci a PHP, gaskiya ne?

Rabin gaskiya, su biyun wurare ne da manhajar da aka rubuta da PHP take karanto sunan shafin. HTTP_HOST kai tsaye abin da baƙo ya rubuta ne, wannan kowa ya yarda. Amma a Apache in UseCanonicalName yana Off, shi ma SERVER_NAME daga bakin baƙon ake ɗauko shi, to ka ga an gudu ba a tsira ba. Haɗarin a aikace ga shi: shafinka yana tura imel na sake kalmar sirri, yana gina mahaɗin da sunan da ya gani a Host, mugu ya nemi a sake kalmar sirrin wani amma ya sa sunan domen ɗinsa a Host, imel na gaske daga sabarka ya je wa mai asusun da mahaɗin da ke kaiwa gidan mugun, yana latsawa lambar sirrin ta tafi. Maganin biyu ne kuma duka za ka yi. Ka rubuta sunan shafin a saitin manhajarka, kada ta tambayi baƙo, irin ALLOWED_HOSTS na Django da yake mayar da 400 ga duk sunan da ba ya cikin jerin, ko siteurl da home na WordPress. Sannan VirtualHost na farko ka mai da shi mai gadi, ba shafi a cikinsa, duk sunan da ba a sani ba ya faɗa can a kore shi.

A nginx yaya abin yake?

Layi ɗaya ne yake ɗaukar suna da laƙabi gaba ɗaya, server_name example.com www.example.com; na farkon shi ne babba. Amma yadda yake zaɓe ya bambanta da Apache, ba wanda ya riga zuwa ba ne. Sunan da ya dace cif shi ne gaba, sai mafi tsawon mai tauraro a farko irin *.example.com, sai mafi tsawon mai tauraro a ƙarshe, sai na farkon da ya dace cikin masu regex. In duk babu, wanda aka rubuta wa default_server a layin listen ne zai amsa, in ba a rubuta wa kowa ba na farko a wannan tashar.

Mutane da yawa sun ɗauka server_name _; shi ne yake kama komai. Ba shi ba ne, alamar nan suna ne kawai da ba zai taɓa dacewa da kowa ba, default_server ne yake aikin. Mai gadin nginx kuma yana da daɗin rubutawa, return 444; ya katse layin ba amsa ba sallama, a 443 kuma tun 1.19.4 akwai ssl_reject_handshake on; ba sai ka nemo masa satifiket na https ba. In ya ƙi tashi yana kukan server_names_hash, sunanka ne ya yi tsawo, ka ɗaga server_names_hash_bucket_size zuwa 64 ko 128. Kafin kowane reload nginx -t, in kana son ganin duk abin da ya karanta nginx -T.

Sabata tana bayan wata sabar, sai juyi ya riƙa kai mutane 127.0.0.1:8080 ko ya mayar da su http.

Ta bayan ba ta ga baƙon ba, ta gaban ta gani, to abin da ta gaban ta faɗa mata shi ta sani. In nginx ne a gaba, in ba ka ce komai ba sunan da ke cikin proxy_pass yake turawa a matsayin Host, sai ka ƙara proxy_set_header Host $host; da X-Forwarded-Proto don ta bayan ta san da https aka shigo. In Apache ne a gaba ProxyPreserveHost On. In kuma Apache ne a baya kuma ta gaban ce take warware TLS, wato rufin sirrin https, ServerName yana karɓar cikakken siffa, ServerName https://www.example.com:443, da wannan zai daina rubuta http a adireshin kansa. Kawai dai ka tabbata ta bayan ba a iya kaiwa gare ta kai tsaye daga waje, in ba haka ba kowa zai iya ƙirƙiro waɗannan layukan X-Forwarded ɗin.

Burauza tana cewa satifiket bai dace da sunan ba, alhali ServerName daidai yake.

A https ana miƙa satifiket tun kafin a karanta Host, don shi Host a cikin rufaffen saƙon yake. Abin da ya warware wannan shi ne SNI, an fara tsara shi a 2003, Apache ya samu tun 2.2.12, burauza tana faɗin sunan da take nema tun a gaisuwar farko sai sabar ta zaɓo satifiket ɗin da ya dace. To in ka ga wannan ƙorafin, ko dai ba ka yi VirtualHost na 443 mai wannan sunan ba sai na farko ya miƙa nasa, ko sunan ba ya cikin SAN, wato jerin sunayen da satifiket ɗin ya rufe. Kuma tauraro mataki ɗaya yake rufewa, *.example.com ya rufe www.example.com amma bai rufe example.com tsurarsa ba, bai rufe a.b.example.com ba. In 421 kake gani, sunan da aka faɗa a gaisuwa da wanda ke cikin buƙatar ne suka faɗa gidaje biyu da saitin TLS ɗinsu ya bambanta.

Zan iya gwadawa kafin in taɓa DNS?

Sosai ma, kuma haka ya kamata. curl -I -H "Host: example.com" http://203.0.113.10/ zai nuna maka wa ya amsa, ka duba layin Location in akwai juyi, a nan za ka ga sunan da sabar take kiran kanta da shi ƙuru-ƙuru. In https ne wannan dabarar ba ta isa ba saboda SNI, sai curl --resolve example.com:443:203.0.113.10 https://example.com/. In da burauza kake so ka gani, ka sa lambar da sunan a /etc/hosts na kwamfutarka, a Windows yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, amma don Allah ka goge layin in ka gama, an sha samun wanda ya manta, bayan wata shida aka ƙaura saba shi kaɗai yake ganin tsohon shafi yana rantsuwa ba a gyara komai ba. Kuma juyi na 301, wato na dindindin, burauza tana haddace shi, lokacin gwaji 302 na wucin gadi ya fi.

Na canza sunan kwamfutar, da na sake kunna ta sai tsohon ya dawo.

In da umarnin hostname kawai ka canza, na wucin gadi ne, hostnamectl set-hostname ne mai zama. In da shi ka yi kuma ya dawo, a sabar haya yawanci cloud-init ne yake mayar da shi, ka sa preserve_hostname: true a /etc/cloud/cloud.cfg. Ka gyara /etc/hosts ma, in ba haka ba sudo zai riƙa ƙorafin bai gane sunan ba.

Zan iya sa ServerName a .htaccess?

A'a, kuskuren 500 za ka samu. Shi da UseCanonicalName duk sai a babban fayil.

Akwai haruffan da ba a sawa a suna?

Haruffan a zuwa z, lambobi da karan tsakiya, kowane yanki tsakanin ɗigo biyu kada ya wuce 63, duka sunan kada ya wuce 253. Karan ƙasa irin my_site ka guje shi, a 2.4.25 Apache ya tsaurara ya riƙa mayar da 400 a kansa kafin daga baya ya sassauta, masu gwaji a kwamfutar gida ne ya fi kamawa. Babba da ƙaramin harafi duk ɗaya ne. In kuma sunan yana da haruffan da ba na a zuwa z ba, ko na Larabci ko na Sinanci, siffarsa mai farawa da xn-- za ka rubuta a fayil, don ita burauza take turawa a Host.

ServerName ne yake sa ana ganin lambar sigar Apache ɗina a ƙasan shafin kuskure?

Layin da kake gani ServerSignature ne yake sa shi, shi ne yake nuna lambar da sunan da tashar, ka sa shi Off. Na cikin layin Server kuma ServerTokens Prod zai rage shi ya koma Apache kawai, a nginx server_tokens off; ne. Ka yi reload, sai ka sake buga curl -I ɗin nan ka duba layin Server ka ga ko lambar ta tafi.